Daga Gusau zuwa 'Yankuzo: karatun da ke rubuce a jikin ƙasa

Duk ɗalibin da ya buɗe taswirar Jihar Zamfara ya dubi gefenta na gabas zai ga Ƙaramar Hukumar Tsafe ta jingina da Jihar Katsina. A wannan yanki garin 'Yankuzo yake, garin manoman dawa da gero da masara da wake da auduga. A 'yan shekarun nan, in ka ji sunansa a rediyo yawanci maganar rashin tsaro ce, kuma gaskiya ne mutanen yankin sun sha wuya. To amma akwai wani labarin da ya girmi kowa a garin, wanda ya shafi rufin ɗakinsu da gonarsu da ruwan shansu: labarin ƙasar da suke takawa. Shi muka bi a wannan makon, daga Gusau muka ratsa Kwatarkwashi ta Ƙaramar Hukumar Bungudu, muka bi ta Tsafe har 'Yankuzo. Ku biyo mu, ku riƙe littafin labarin ƙasa a hannu, domin yawancin abin da malaminku ya zana a allo yana nan a bakin hanya.

Kogin da ya fi ƙarfin dam

Mun fara tsayawa a bakin Kogin Sakkwato. Sunansa kan ruɗi yara su ɗauka daga Sakkwato ya taso, alhali tushensa yana kusa da Funtuwa a Jihar Katsina. Daga can yake gangarowa ta Gusau, ya cika dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978, sannan ya haɗu da Kogin Rima kusa da birnin Sakkwato. Da rani za ka tarar da shi rairayi ne shimfiɗe, masu lambu na shuka albasa da tumatir a gefensa, masu tifa na ɗibar yashi. A watan Agusta kuwa, lokacin marka, sai ka rantse ba shi ba ne.

Dalilin wannan sauyi yana cikin yadda ruwa ke sauka a nan. Yankin Gusau na samun ruwan sama tsakanin milimita 800 zuwa 1,000 a shekara, amma kusan dukansa cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba. Bari mu yi ɗan lissafi. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, hekta guda ta karɓi lita 500,000, wato durom 2,500 mai cin lita 200. Hekta ɗaya ke nan. Ku ƙiyasta dubban hektocin da ke juye ruwansu cikin kogi ɗaya a wannan daren.

Mutanen Gusau sun ga ƙarshen irin wannan lissafi a ranar 30 ga Satumban 2006. Bayan ruwan sama mai yawa, dam ɗin da ke tare kogin a saman gari ya ɓalle. Rahotannin lokacin sun ce ƙofofin sakin ruwan sun ƙi buɗuwa, ruwa ya taru ya fi ƙarfin bangon, kuma mutum kusan 40 sun rasu, gidaje kimanin 500 suka rushe. Garin da ke shan ruwa daga wannan dam ya shiga ƙarancin ruwan famfo. Shekara 18 bayan haka, a Satumban 2024, dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, 'yan makonni bayan ambaliya ta yi wa Gummi ta nan Zamfara ɓarna. Ruwan sama daga Allah yake, amma gyaran ƙofar dam da yashe magudanar ruwa da hana gini a kan hanyar ruwa duk aikin mutane ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, haka ma ambaliya ba ta cin gari banza.

Dutsen Kwatarkwashi

Ba mu yi nisa da barin Gusau a kan hanyar Funtuwa ba sai ga Dutsen Kwatarkwashi ya tare sararin sama. Fili ne shimfiɗe ta ko'ina, sai kawai dutse ya miƙe kamar an kife ƙatuwar ƙwarya, gari kuma ya kwanta a gindinsa. Tambayar da ta fara zuwa mana ita ce: daga ina ya fito?

Amsar masana ita ce daga can ƙarƙashin ƙasa. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin ɓawon duniya sun yi karo a wannan sashe na Afirka. Zafi da matsi suka narkar da dutse a zurfin kilomitoci, narkakken dutsen ya taso amma bai kai sarari ba, sai ya huce a hankali ya daskare ya zama dutsen da ake kira giranit. In ka ɗauki ɓallinsa ka duba da kyau za ka ga ƙwayoyi farare da jajaye da baƙaƙe masu ƙyalli. Girman ƙwayoyin shi ne shaidar cewa a hankali ya huce, domin dutsen da ya huce da sauri ƙwayoyinsa ba sa ganuwa. Daga baya ruwa da iska suka yi ta kwashe duwatsu masu laushi da ke lulluɓe da shi, shekaru miliyoyi, har mai taurin ya rage a tsaye. Duwatsun Tsafe da Dutsen Zuma na kusa da Abuja duk 'yan irin wannan hanya ne.

Har yau dutsen bai huta ba. Mun ga inda fatarsa ke ɓantarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Nauyin da ya danne shi a da ya tafi, ga zafin rana yana kumbura samansa, sanyin dare yana tsuke shi, ruwa kuma na shiga tsagoginsa. A hankali falle ya saki, ya zame ya tsaya a gindi. Manyan duwatsun da ke jibge a ƙasan tsauni daga sama suka zo, kuma wanda ya san haka ba zai kafa ɗaki a ƙarƙashin dutsen da ya tsage ba.

Dutse ba ya shan ruwa. Duk ruwan da ya sauka a bayansa gangarowa yake gaba ɗaya, shi ya sa koramun gindin dutse kan cika cikin 'yan mintuna ko da ruwan bai daɗe ba. Wannan halin ne kuma ya sa neman ruwan ƙasa ke da wuya a gabashin Zamfara. A nan ruwa yana ɓuya ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi. Mai haƙa rijiyar burtsatse in ya dace da tsaga ya sami ruwa, in ya kauce da 'yan mitoci sai ya tashi da ƙura. A yammacin jihar, wajen da ƙasar ta koma dutsen yashi na kwarin Sakkwato, ruwan ya fi zama, domin dutsen yashi kamar soso yake. Saboda haka ake auna ƙasa da na'ura kafin a fara haƙa, don kada kuɗin al'umma ya tafi a ramin banza.

Ko ƙasa na girgiza a nan?

Kowane ɗalibi da ya ga hotunan Turkiyya da Siriya na ranar 6 ga Fabrairun 2023, inda girgizar ƙasa ta kashe mutum fiye da 50,000, ko na Maroko a Satumban wannan shekarar, zai so ya san ko irin haka na iya faruwa a garinsu. Manyan girgizar ƙasa sun fi aukuwa a inda ɓangarorin ɓawon duniya biyu suke gogayya. Najeriya tana zaune a tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da bakinsa, don haka muna cikin wuraren da suka fi kwanciyar hankali.

Duk da haka tsofaffin tsagogi na nan a ƙarƙashinmu, har akwai wata doguwa da masana suka sa wa sunan garin Anka. Wani lokaci irin waɗannan tsagogi kan ɗan motsa. A Satumban 2016 ƙasa ta yi motsi a Kwoi ta Jihar Kaduna har bangaye suka tsattsage, a Satumban 2018 kuma mazauna Mpape a Abuja suka ji irinsa. Akwai cibiya a Toro ta Jihar Bauchi da aikinta ya haɗa da sauraron wannan motsi da na'urori. In ka taɓa jin ƙasa na rawa kana cikin ɗaki, ka durƙusa ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka kare kanka. In kana waje, ka nisanci bango da turakun lantarki.

Kwazazzabon da ke cin gona

Daga Tsafe muka bar babbar hanya muka nufi gabas zuwa 'Yankuzo. A wannan hanya muka ga hatsarin da ya fi kowanne cin dukiyar talaka, kuma ba ya ƙara ba ya tashin kowa daga barci: zaizayar ƙasa. Gefen gonaki da bakin koramu duk kwazazzabai ne, wasu sun fi tsayin mutum zurfi, jar ƙasa a buɗe, saiwoyin itatuwa na reto a iska.

Yadda abin ke farawa ƙarami ne. Babban ɗigon ruwan sama yana faɗowa da gudun kusan kilomita 30 a sa'a. In ya sauka a kan ganye ko karan da aka bari a gona, ƙarfinsa ya mutu. In ya sauka a kan tsirarar ƙasa, sai ya farfasa ta ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse. Ruwan da ya rasa hanyar shiga sai ya kama gudu, ya bi turbar shanu ko sawun mota ko kunyar da aka ja daga tudu zuwa gangare. Bana ɗan layi ne, baɗi ya zama rami. Da zarar ramin ya yi baki mai tsayi, ruwan da ke zubowa cikinsa yana ƙwaƙule gindin bakin, saman ya rufta, kwazazzabon ya ja da baya zuwa cikin gona. Haka yake tafiya taki-taki duk damina har ya iso hanya ko maƙabarta ko bangon makaranta.

Abin da ruwan ke ɗauka shi ne ƙasar sama, mai duhu, wadda taki da ƙarfin gona suke cikinta. Kafin santimita ɗaya ta irin wannan ƙasa ta samu ana ɗaukar shekaru ɗaruruwa, amma damina ɗaya na iya share ta. Ƙasar da ta bar gonar 'Yankuzo ba ɓacewa take ba. Tana bin korama ta shiga kogi, ta kwanta a cikin dam ta rage masa ciki, dam ɗin da cikinsa ya cike da laka kuwa shi ne mai saurin tumbatsa. Kun ga yadda gonar ƙauye da ambaliyar birni suke ɗaure da igiya ɗaya.

Ƙasar da ba ta riƙe ruwa ita ce kuma ta fi jin fari. Kakanninmu sun sa wa manyan yunwa suna don kada a manta: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da wata ta farkon shekarun 1940 da ta ɗauki sunan babban birnin wannan jiha, 'Yar Gusau. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ba adadi daga Senegal har Habasha, na 1984 ya sake maimaitawa. Yau Zamfara na cikin jihohi 11 na Arewa da aka ware a matsayin masu fuskantar kwararowar hamada. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin, domin idan gonakin nesa suka gagara zuwa, sai kowa ya matsu a na kusa da gari, ana noma su shekara da shekaru babu hutu, itatuwan kusa kuma su ƙare a murhu da buhun gawayi.

Maganin ba sabo ba ne, kuma ba sai da injin ba. A ja kunya a gicciye da gangare. A jera duwatsu a layi don su rage gudun ruwa. A dasa jema ko gamba a bakin kwazazzabo, domin saiwarsu na ɗinke ƙasa. A bar kara a gona maimakon ƙone shi. Manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun nuna wata hanyar tun shekarun 1980, wadda suke kira sassaben zamani: in kututturen sabara ko kalgo ko gawo ya yi toho a gona, maimakon a sare duka sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma. Da wannan dabara miliyoyin itatuwa suka dawo gonakin kudancin Nijar ba tare da an dasa su ba. Gawo ma abokin manomi ne na musamman, da damina yake zubar da ganye, ya ba shuka rana da taki, da rani ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya.

Baƙon da ya faɗo a Zagami

Daga 'Yankuzo in ka dubi kudu, bayan iyakar jiha, ƙasar Faskari ce ta Jihar Katsina. A can akwai wani wuri da ake kira Zagami, wanda masana sararin samaniya a Amurka da Turai da Japan suka san sunansa, ko da yake yara da yawa na makwabta ba su taɓa jin labarinsa ba. A ranar 3 ga Oktoban 1962 wani manomi yana cikin gonarsa sai ya ji ƙara mai tsanani, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono, sai ga dutse mai baƙar fata kamar an ƙona shi, nauyinsa kusan kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna.

Shekaru bayan haka aka gano cewa dutsen daga duniyar Mars ya zo. A cikinsa akwai 'yan ƙananan gurabu da suka kulle iska, kuma da aka auna iskar sai ta dace da wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a Mars a 1976. Bayanin masana shi ne wani ƙaton dutse ya daki Mars kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce, ɓaraguzai suka yi tsalle zuwa sarari, ɗaya daga ciki ya yi ta yawo har ya ƙare a gonar Bakatsine. A 1996 an saka ɗan ƙwayarsa a cikin kumbon da aka harba zuwa Mars, ya koma wajen gida. Irin waɗannan duwatsu suna da daraja ƙwarai: wani da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, mai kusan kilo 25, an yi gwanjonsa a New York a 2025 kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi. Don haka in kun ga tauraro mai wutsiyar wuta ya ratsa sama da dare, ku san tsakuwa ce daga sarari take ƙonewa a cikin iskar duniyarmu.

Arzikin da ke tafe da guba

Tsofaffin duwatsun Zamfara suna ɗauke da zinari, musamman a yankunan Maru da Anka da Bukkuyum. A wasu wuraren, jijiyar dutsen da ke da zinari tana haɗe da dalma. Muddin dutsen na kwance a ƙasa ba ya cutar da kowa. Matsala ta fara ne da aka riƙa kawo shi cikin gidaje ana dakawa a turmi ana niƙawa a inji, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki.

A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa bayan jijjiga a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, dubbai kuma suka buƙaci magani. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai 2013. Dalma ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimta har girmansa. Duk wanda yake da yaya ko kawu mai zuwa haƙar zinari, ya roƙe shi kada ya kawo dutsen gida, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro, kuma kada a niƙa hatsi a injin da ya niƙa dutse.

Hadari da hazo

Sauran haɗurran biyu daga sama suke zuwa. Hadarin farkon damina kan taso daga gabas da iska mai yaye kwanon ajujuwa da tumɓuke itatuwa, tare da aradu. Ga wata dabara: in ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce tsakaninka da ita. In ba ka kai 30 ba, ka bar filin ƙwallo, ka fita daga korama, kada ka fake a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai. Da hunturu kuma iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki. Ƙurar na ƙara wa gona ɗan ƙarfi, amma tana busar da hanci da maƙogwaro, kuma a wannan lokaci zuwa bazara sanƙarau ya fi yaɗuwa, kamar yadda ya addabi Zamfara a 2017. Rigakafi da barin taga a buɗe a ɗakin kwanan ɗalibai suna ceton rai.

Aikin da ke gabanku

Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo kuma na karanta shi da Hausa. Amma tashoshin auna ruwa ba su kai kowane ƙauye ba, kuma a nan ɗaliban sakandare za su iya taka rawa. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, ku ajiye shi a fili nesa da rufi da itace, ku auna zurfin ruwan da ke ciki da rula kowace safiya a lokaci guda, ku rubuta, ku zubar. A ƙarshen Oktoba ku tara jimla. Ku kafa turke mita 5 daga bakin kwazazzabon da ya fi kusa da makarantarku a watan Mayu, ku sake aunawa bayan kaka, za ku san nawa ya ci a damina ɗaya. Ku zauna da Kaka ko Baba Tsoho ku tambaye su inda ruwa ya taɓa kaiwa a babbar ambaliyar da suka sani, da sunan da suka ba shekarar fari, da itatuwan da suke gani a da waɗanda yanzu babu.

Ajin da ya riƙe irin wannan littafi shekara uku a jere zai iya zuwa gaban mai gari ko shugaban makaranta da lambobi a hannu, ya ce ga inda ya kamata a jera duwatsu, ga inda bai kamata a yi gini ba. Ku aiko mana da abin da kuka auna, tare da sunan makarantarku da garinku, za mu buga a wannan shafi.